Neman keken tsere na hannu a Kano: daga awon ƙafa zuwa gadar Wudil

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Na yanke shawarar sayen keken tsere, irin mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, kuma na hannu zan saya. Zan riƙa rubuta yadda ake ciki, domin tun da na fara tambaya na lura akwai mutane da dama masu sha'awar irin wannan keken, sai dai ba su san ta inda za su kamo zaren ba.

Likita ya ce jinina yana hawa, ya ce kuma magani kaɗai ba zai wadatar ba sai an haɗa da motsa jiki. Gudu gwiwata ba ta ɗauka. Ga kuma tsadar mai: tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 abin yake ta yin sama, yanzu lita ta haura naira dubu. Idan keke ya ɗauke min zirga-zirgar kusa, ya kuma ba ni lafiya, to an yi riba biyu. Sabo dai ba a maganarsa, dala ta wuce naira 1,600, kuma duk kekunan nan daga waje suke zuwa.

Abin da na ware naira dubu 400 ne, da keken da gyaransa gaba ɗaya. Na cire dubu 100 daga ciki na ajiye gefe, ba za ta shiga ciniki ba ko da me dillali zai ce. Keken hannu ba ya zuwa a shirye. Wanda ya ƙarar da kuɗinsa kaf a wajen saye, jingine keken zai yi a zaure.

Yau aikin awo na yi. Na cire takalmi, na jingina da bango, na matse littafi mai kauri a tsakanin cinyoyina kamar ina zaune a kan sirdi, yarona ya auna daga saman littafin zuwa ƙasa: santimita 83. Tsawona kuma 176. Tsohon lissafin da masu keke ke amfani da shi shi ne a ninka tsawon ƙafa da 0.67 a sami girman firam, nawa ya ba da 55 da ɗoriya. Ke nan firam 54 zuwa 56 nake nema. Na rubuta lambar a takarda na sa a aljihu.

Sauran sharuɗɗan da na gindaya wa kaina: firam na alminiyam ko na ƙarfe, birki mai kama rim, giyar Shimano mai hawa takwas ko tara a baya. Zan faɗi dalilan wasu daga ciki idan an zo wurin.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na zaga wajen masu sayar da kekunan kwantena, wasu a Sabon Gari wasu a Fagge. Kayan daga Japan da Turai suke zuwa, su sauka a Legas ko Kwatano, a loda su a tirela zuwa nan. Mafi yawa kekunan yara ne, da na mata masu kwando a gaba, da masu ƙatuwar taya na hawan dutse. Na tsere ɗaiɗai ne, galibi a rataye a sama, kuma mai shago ya san ba a cika samunsu ba, don haka bakinsa a sama yake.

Wanda ya fara kama min ido tsohon Raleigh ne na ƙarfe, kore, mai giya goma, sandunan canjin giyarsa a jikin firam. Na daɗe a tsaye a gabansa. Mahaifina Raleigh ya hau har tsufansa, kuma dattawa sun san har masana'antar Raleigh aka yi a garin nan. Amma da na sunkuya na karanta gefen tayar sai na ga 27 x 1¼. Wannan shi ne tsohon awo, faɗin rim ɗinsa milimita 630. Kekunan tsere na yanzu 700C suke amfani da shi, milimita 622. Bambancin milimita takwas ne kacal, amma tayar wannan ba ta hawa rim ɗin wancan ko da za a kwana ana dannawa. Na tambayi mai shagon ko yana da tayarsa. Ya ce, "Alhaji, za a samo maka." Na ce a ina? Ya yi shiru. Keken da tayarsa sai an yi cigiya ba nawa ba ne, na yi masa sallama.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Wani saurayi ya sa keke a Facebook, firam ɗin kabon, baƙi wuluk, giya goma sha ɗaya. Mun haɗu a wani gidan mai a Titin Zoo. Da yatsu biyu ake ɗaga shi, babu ƙarya a nan. Kuɗin da ya faɗa kuma ya yi araha ƙwarai ga irin wannan kaya, abin da ya sa na ƙara buɗe ido ke nan.

Na haska fitilar waya ina bin firam ɗin a hankali. A ƙarƙashin bututun da ya gangaro daga wuya zuwa gidan feda na ga wani siririn layi, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Na sa farce, farcen ya kama. Na ɗauko tsabar ƙarfe ina ƙwanƙwasawa: ko'ina yana ba da sauti tas-tas, da na zo kan layin sai sautin ya mutu. Ya ce, "Wallahi yallaɓai fenti ne kawai." Wataƙila shi ma haka aka gaya masa. Amma kabon zare ne da aka haɗe da gam mai ƙarfi, idan ya samu rauni ba ya lanƙwasawa ya yi maka gargaɗi irin na ƙarfe, karyewa yake yi farat ɗaya, kuma mai walda ba shi da abin da zai yi masa. Mutum yana gudun kilomita talatin a awa, bututun nan ya rabu biyu, fuska ce za ta fara isa kwalta. Na gaya masa gaskiyar abin da na gani, na roƙe shi don Allah ya faɗa wa duk wanda zai saya.

Laraba, 20 ga Nuwamba

An kira ni na ga wani Trek mai kyau, lafiyayye, amma 60 ne. Da na tsaya a kansa bututun sama ya tokare ni. Dillalin ya ce a sauke sirdi ƙasa shi ke nan. Sauke sirdi ba ya rage nisan da ke tsakaninka da kan keken, bayanka da wuyanka ne za su biya. Na bar shi.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Yau na wuni a rumfar wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu. Tun ina yaro yake wurin, ƙarƙashin darbejiya, da akwatin sifanu da kwanon ruwan neman huda. Na ce, "Baba, so nake ka koya min duba keke, kuma ranar da na samu wanda ya kwanta min ka raka ni." Ya ce ai wannan mai sauƙi ne, ya jawo wani keke da aka kawo masa gyara ya kifa shi.

Ya ce firam ake fara dubawa, domin komai na jikin keke ana sauya shi ban da shi. Ya nuna min bayan wuya, inda bututu biyu suka haɗu da shi. Idan keke ya taɓa yin karo da gaba, nan fenti yake tattarewa, ko ka ji ɗan tudu idan ka shafa ta ƙasa. Ya ce in rufe ido in shafa, yatsa ya fi ido gani a wannan wurin. Daga nan sai duk inda aka yi walda, musamman kewayen gidan feda da inda sandar sirdi take shiga. A jikin alminiyam, siririn baƙin layi a bakin walda tsagewa ce. Na ce ba a sake walda? Ya girgiza kai. Alminiyam ɗin keke gasa shi ake yi a masana'anta bayan an yi waldar don ya yi ƙwari, wutar mai walda ta bakin titi kuwa kashe wannan ƙwarin take yi, sai ya sake tsagewa a gefen ɗinkin. Na ƙarfe ne ake iya yi wa aiki ya koma daidai.

Sai ya ɗauko zaren ɗinkin buhu. Ya ɗaura a inda ƙafar baya take zama ta dama, ya ja shi gaba ya zagayo wuya, ya dawo da shi ya ɗaure ta hagu. Ya sa rula ya auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya da abin da ya wuce milimita biyu ko uku, firam ɗin ya karkace, kuma keken zai riƙa ja gefe har abada. Ban taɓa ganin awo mai sauƙi da amfani irin wannan ba.

Sauran ya bi da ni da sauri. A matse birkin gaba a girgiza keken gaba da baya, idan an ji ƙwas-ƙwas boris ɗin wuya ya saki. A kama hannun feda a girgiza shi gefe da gefe, kada ya motsa. A juya ƙafa a zuba ido a tsakanin rim da robar birki a ga ko tana rawa. A ɗora bakin rula a gefen rim inda birki ke kamawa, idan wurin ya zama kwari to birki ya cinye shi, ranar da aka ɗura iska da yawa zai iya fashewa. A kwance notin sandar sirdi a tabbatar tana juyawa, domin idan ta shekara da shekaru babu giris takan manne da firam, wani lokaci sai dai a yanka ta.

Cen ne ya fi ɗaukar mu lokaci. Kowace gaɓa rabin inci ce, don haka idan ka ɗora rula daga tsakiyar wani fil, fil na ashirin da huɗu a gaba ya kamata ya faɗa daidai kan inci 12. Idan ya zarce da kamar milimita ɗaya da rabi, lokacin sauya cen ya yi. Idan ya kai milimita uku, to ya riga ya ci haƙoran baya, sabon cen zai riƙa tsalle a kansu, dole a sauya su tare. Baba ya ce haƙoran nan su ne shekarun keke, yadda mai sayen rago yake buɗe bakinsa kafin ya taya.

Na ba shi kuɗin goro ya ƙi karɓa, ya ce sai an sayo keken.

Alhamis, 5 ga Disamba

Wani mai shago da na bar wa lambata ya kira, ya ce an sauke kaya jiya. Na je bayan la'asar. Giant ne na alminiyam, fari da shuɗi, girman M. Giant kamfanin Taiwan ne, kuma su suka yaɗa firam mai gangaren bututun sama, shi ya sa suke rubuta S da M da L maimakon lamba. Na auna da tef, ya faɗa cikin abin da nake nema. Giyarsa Shimano Sora, tara a baya, biyu a gaba masu haƙora 50 da 34. Tayoyin sun bushe sun tsattsage, tef ɗin kai ya zama tsumma, cen ya yi ja da tsatsa, hannun giyar dama kuma idan an danna ba ya kamawa. Duk wannan bai dame ni ba. Na shafa bayan wuya, sumul.

Ga dalilin da ya sa na nace wa giya takwas ko tara. Jerin Shimano na kekunan titi daga ƙasa yake tashi: Claris, Sora, Tiagra, 105, Ultegra, Dura-Ace. Kowa 105 yake so, kuma da gaskiyarsa. Amma a giya tara, cen ɗin keken tsere da na keken hawan dutse ɗaya ne, tazarar haƙoran baya ɗaya ce, har abin da ke tura cen a baya ana iya musanya shi. Kekunan hawan dutse kuwa sun cika garin nan, kayansu suna ko'ina. Daga giya goma zuwa sama aka raba musu hanya, cen ya ƙara sirancewa, kuɗinsa ya ƙara nauyi, kuma sai ka aika Legas ko ka jira mai dawowa daga waje. A ganina Sora da za ka gyara a Kano ranar da ta lalace ta fi Ultegra da za ta yi wata biyu a jingine.

Na ajiye kafin alƙalami dubu 10, na ce a ajiye min shi zuwa jibi.

Asabar, 7 ga Disamba

Na je da Baba. Bai ce wa kowa komai ba bayan gaisuwa, ya fito da zarensa. Firam daidai. Sandar sirdi ta juya. Fok ɗin, wato abin da ke riƙe ƙafar gaba, na kabon ne, kamar yadda yake a yawancin kekunan alminiyam na wannan ajin, kuma wannan ya saɓa wa abin da na so. Baba ya nemi izinin mai shago ya kwance wuya, ya zaro fok ɗin gaba ɗaya, muka fita da shi rana muka duba shi ciki da waje. Sandar da ke shiga wuya ta alminiyam ce, ƙafafun biyu babu ko ƙwarzane mai zurfi, sautinsu ɗaya daga sama har ƙasa. Hankalina ya kwanta. Cen ya zarce da fiye da milimita uku. Ƙafar baya tana ɗan rawa, amma gefen rim bai cinye ba.

Mai shago ya ce dubu 380. Na ce, "Alhaji, taya biyu, tub biyu, cen, haƙoran baya, wayoyi, robar birki, duk ni zan saya. Na saya 260." Ya ce albarka. Ya ce hannun giyar nan ma shi kaɗai kuɗi ne. Baba ya ce, "Ai ba ya aiki." Muka yi ta ja har aka kira azahar, muka je muka yi salla tare, muka dawo. A 295 ya sallama.

Kafin in biya na sa aka kifa keken na karanta lambar da aka buga a ƙarƙashin gidan feda, na ce a rubuta ta a rasit tare da sunan shago. A jikin bututun sirdi akwai ɗan sitika mai rubutun Japan da lambobi. A can tun 1994 doka ta wajabta yi wa keke rajista saboda sata, shi ne wannan. Sitikan ya nuna min cewa da gaske daga kwantena ya fito. Duk wanda zai sayi keke a hannun mutum ɗaiɗai a cikin gari, ya nemi rasit ɗin asali. Satar keke ta yi yawa, kuma mafi yawa na yara 'yan makaranta da masu ƙaramin ƙarfi ake ɗauka. Bai kamata kuɗin mutum ya zama shi ke ciyar da wannan ba.

A adaidaita sahu muka kawo shi gida.

Asabar, 14 ga Disamba

Mun warware shi kaf a rumfar Baba. Yaron shagon ya sa sifana mai lamba 15 zai kwance fedar hagu, yana ta dannawa ta yadda aka saba. Baba ya daka masa tsawa: "Kai, ɗaurewa kake yi!" Fedar hagu a juye take kwancewa, an yi ta haka ne don kada ta saki da kanta ana tafiya. Haka ma murfin gidan feda na ɓangaren cen. Hannun feda da yawa sun lalace a wannan wurin.

Hannun giyar da ba ya kamawa lafiyarsa ƙalau. Tsohon giris ne ya daskare a ciki ya riƙe 'yan ƙananan haƙoran. Muka ɗage robar, muka fesa man wanke tsatsa, Baba yana dannawa yana saki, baƙin ruwa yana ɗiga, can sai muka ji ƙas, ƙas, ƙas, har takwas. Da an ce sai an sayi wani, da ajiyar gyaran nan ta tafi a kansa shi kaɗai.

An wanke boris na ƙafafu da kananzir an cika su da sabon giris. Cen na KMC na samu a kasuwa ba wahala, da haƙoran baya 11 zuwa 32 na keken hawan dutse, amma na mayar na karɓo 11 zuwa 28, domin abin tura cen ɗin nawa gajere ne, kuma Kano shimfiɗaɗɗiya ce, ban da Dala da Goron Dutse babu hawan da zai buƙaci 32. Wayar giya ɗaya ce da ta kowane keke. Ta birki ce daban: kan ta keken tsere dogo ne mai ɗan tsini, ta hawan dutse kuma gangariya ce a kwance. Sai da na tafi da tsohuwar a hannu sannan aka ba ni daidai.

Birkin gaba a hannun dama yake, yadda ake haɗa shi a Japan da Ingila. Baba ya tambaya ko a juya. Na ce a bar shi, a babur ma dama ce birkin gaba, hannuna ya riga ya saba.

Lahadi, 22 ga Disamba

Taya ta ba ni aiki. Duk inda na ce ta keken tsere, sai a miƙo min 28 x 1½, ta manyan kekunan Phoenix da Raleigh na dattawa, wadda rim ɗinta 635 ne. Abin da ya fisshe ni shi ne na daina faɗin inci, na koma neman lamba 622 a gefen tayar. A ƙarshe na samu 25-622 guda biyu sababbi. Na so mai faɗin 28 saboda ramukan titunanmu, muka gwada wata ta hannu, sai ta riƙa gogar ƙarƙashin birkin baya. Dole na haƙura da 25.

Bawul ɗin ma siriri ne, irin wanda ake kira Presta, bakin injin mai faci ba ya kama shi. Wani ya ce a sa diril a faɗaɗa ramin rim a sa tub mai bawul irin na mota. Ban yarda ba, rim ɗin siriri ne, ba na son a rage masa nama. Na sayi ɗan ƙarfen tagulla da ake ɗaurawa a kan bawul ɗin ya koma irin na mota, da famfon ƙafa mai agogo. Siririyar taya iska mai yawa take so, ina sa mata 85 zuwa 90 a agogon, kuma tana raguwa da kanta cikin 'yan kwanaki. Idan ta yi laushi aka faɗa rami, rim yakan cije tub ya bar huda biyu a jere.

Na sayi hular kwano da fitilar baya mai walƙiya. Uwargida ce ta ce idan babu su keken ba zai fita daga gidan ba, kuma gaskiyarta.

Lahadi, 29 ga Disamba

Fitar farko, bayan sallar asuba da gari ya ɗan waye. Na bi Titin Gwarzo, na wuce sabuwar jami'ar Bayero, na juyo daga Janguza. Sanyi yana ratsa yatsu, hazo ya rufe gaba. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shirun keken: babu ƙara ko ɗaya sai ƙugin taya a kwalta, kuma taki ɗaya yana kai ka inda keken gida sai ka yi uku.

Sirdi na sa shi a santimita 73 daga tsakiyar gidan feda, bisa lissafin da ake dangantawa da Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar Tour de France sau uku: tsawon ƙafa sau 0.883. Gwiwa ba ta yi ƙorafi ba. Tafin hannu ne ya yi sanyi ya mutu, wuya kuma ya riƙe. Nisan kan ya ɗan yi min yawa.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Ƙarfen da ke riƙe kan keken milimita 110 ne. Na samu mai 90 a cikin tarkacen wani mai kwance kekuna, muka sa, muka kuma juya shi ya kalli sama. Santimita biyu kawai, amma hannu ya daina mutuwa. Irin wannan gyaran yana yiwuwa ne saboda firam ɗin daidai da ni yake tun asali. Da Trek ɗin nan mai lamba 60 ne, babu ƙarfen da zai cece ni.

Ƙurar hunturu ita ce abokiyar gabar cen. Baƙin mai da masu gyara suka saba zubawa yana kama ƙura ya zama kamar garin yashi, ya ci cen cikin ɗan lokaci. Yanzu ɗigo ɗaya nake sa wa kowace gaɓa na mai mara kauri, in juya feda, in goge na waje tas da tsumma. Duk dawowa sai na goge.

Huda ta farko tsaidau ce ta yi min, da na sauka gefen titi don in ba wa tirela hanya. Na sauya tub a wurin. Kafin in mayar da tayar na bi cikinta da yatsa na zaro ƙayar, in ba haka ba sabon ma zai tafi.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na fara haɗuwa da wasu masu fita da safe ranar Lahadi, da matasa da magidanta. Kusan dukkansu kekunan kwantena suke hawa, kuma kusan kowa yana da labarin abin da ya nema ya rasa. Wani yaro da bai fi shekara sha bakwai ba yana hawa tsohon keke na ƙarfe wanda ya fi shi girma, cen ɗinsa yana tsalle, amma babu wanda ya iya bin bayansa. Ya san sunan Biniam Girmay, ɗan Eritiriya da ya ci matakai uku ya kuma ɗauki koriyar riga ta wanda ya fi tara maki a Tour de France ta 2024. Ya san Ese Ukpeseraye da ta wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta Faris, wadda sai da 'yan wasan Jamus suka ara mata keke ta shiga tseren cikin fili. Ya san a watan Satumban 2025 za a yi gasar tseren keke ta duniya a Kigali ta ƙasar Ruwanda, karo na farko a Afirka. Abin ya tsaya min a rai. Yaran suna nan, ƙafafun suna nan, abin hawan ne babu. Na auna cen ɗinsa da rula, na ce ya same ni a rumfar Baba ranar Asabar, cen da haƙoran baya ni zan saya.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Wani mai adaidaita sahu ya yanko gabana zai ɗauki fasinja, na kauce na faɗa rami. Ban faɗi ba, alhamdu lillahi, amma sifok ɗaya na ƙafar baya ya tsinke ta ɓangaren cen, ƙafar ta karkace tana gogar birki. Na buɗe birkin na lallaɓa gida. Kafin a sa sabon sifok ta wannan ɓangaren sai an cire haƙoran baya, kuma da makullinsu na musamman ake cirewa. Mun riga mun saya tun a Disamba. Baba ya bi sauran sifok ɗin ɗaya bayan ɗaya yana kaɗa su da farce yana saurare, ya ɗaure masu sanyin sauti, har ƙafar ta miƙe.

Ya kuma nuna min ɗan kunnen alminiyam da abin tura cen yake rataye a jiki. An yi shi ne don ya lanƙwashe ko ya karye maimakon firam, kuma kowane samfurin keke da irin nasa. Nawa lafiya lau yake, amma ranar da ya karye keken ya tsaya ke nan. Na cire shi na ɗauki hotonsa a kan farar takarda tare da rula, na tura wa wani ɗan'uwa a Legas ya nemo min guda biyu.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Yau na kai Wudil, kusan kilomita 40 daga gari. Na zaɓi Lahadi saboda ranar Juma'a kasuwar shanu take ci, hanyar ba ta biyuwa ga mai keke. Iskar gabas ta dame ni a tafiya, na sauko ƙasan kai na rage giya na yi ta juyawa a hankali. Na tsaya a bakin gada na sha ruwa, na ci dabino, na juyo. Dawowa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Babu abin da ya saki, babu ƙara, giya tana shiga a dannawa ɗaya. Wajen manyan motoci ne kawai mutum ba ya sakin jiki, inda gefen titi ya cinye sai na sauka na tsaya su wuce.

Lissafi zuwa yau: keke dubu 295, kayan gyara da ladan Baba dubu 88, hula da fitila da famfo dubu 41. Jimla dubu 424, na haura abin da na ware da dubu 24. Awon jinin da aka yi min makon jiya ya sauko, likita ya ce in ci gaba da maganin kuma kada in daina hawa.

Kunnen giya ya iso daga Legas, ɗaya ya dace, ɗayan ramin notinsa bai zo daidai ba, zan ba wa wanda ya yi wa kekensa. Sirdin har yanzu yana damuna idan tafiya ta wuce awa biyu, ina neman wanda ya ɗan fi shi faɗi. Azumi saura mako biyu, don haka doguwar tafiya ta tsaya sai bayan salla. A watan zan koma gajeren zagaye a cikin unguwa bayan tarawi, kuma kafin nan sai na sayi fitilar gaba mai haske sosai.